Daga Sikotilan zuwa Afrika ta Kudu a kan babur

Masu karatu, kun tuna Ewan McGregor, jarumin Star Wars? To, a 2007 shi da abokin sa Charley Boorman su ka hau babura ƙirar BMW daga arewacin Sikotilan mai sanyi, su ka nausa kudu har Cape Town. Ƙasashe 18 su ka ratsa cikin kusan wata uku, BBC ta nuna tafiyar a shirin Long Way Down.

Wahalar tun wajen shiri ta fara. McGregor ya karye a ƙafa a Landan. Libiya kuma ta hana Amurkawa biyu na ayarin biza, sai a Masar su ka haɗu da sauran. Saboda haka furodusan da ke burin ɗaukar fim a ƙetare, ya nemi biza kafin ya ɗauko kyamara!