Sanda Da Maɓalli Ɗaya: Wasannin Harbi A Kwamfutocin Gida Na Da

Wasannin harbi sun fara tashe ne a shagunan wasa na Japan da Amurka, cikin manyan akwatuna da ake jefa wa kuɗi. Kowane akwati da maɓallan da aka ƙera domin wasansa. Defender, wanda kamfanin Williams ya fitar a 1981, yana da sanda mai hawa da sauka kawai, sai maɓallai biyar: na ingiza jirgi, na juyawa, na harbi, na bam, da na ɓacewa a ɓullo wani wuri.

Kwamfutocin gida irin su ZX Spectrum da Commodore 64, waɗanda suka fito a 1982, ba su da wannan wadata. Sandar da ta yaɗu irin ta Atari ce, mai zuwa fuska takwas da maɓalli ɗaya tak. Spectrum ta farko ma ba ta da kafar jona sanda, sai an sayi ƙarin na'ura irin ta Kempston. Wanda bai samu ba ya koma kan maɓallan roba na allon rubutu: Q da A don sama da ƙasa, O da P don hagu da dama. Wasan da aka kwaso daga shago ba tare da gyara ba yakan wahalar da mutum. A R-Type, alal misali, sai ya cire hannu daga sanda ya laluba allon rubutu kafin ya saki makamin da ke manne da jirginsa, ga harsasai na zuwa.

Gwanayen da suka karɓi maɓallin ɗaya a yadda yake, su suka fi yin abin kirki. Andrew Braybrook ya rubuta Uridium a 1986 domin Commodore 64. Jirginsa ba ya juyawa nan take. In aka ja sanda baya, sai ya rage gudu, ya wuntsila, sannan ya kama sabuwar hanya, kamar amalanke ɗauke da buhunan hatsi da ba ta tsayawa da an ja akala. Wannan ɗan jinkirin ne ke sa hannu ya ji nauyin jirgin, ya koyi fara juyawa tun bango bai ƙaraso ba. Jinkirin kuwa da gangan aka yi shi, ba gazawar na'ura ba ce, domin hoton yana sabuntawa sau 50 a daƙiƙa, iyakar abin da talabijin na Turai ke bayarwa a wancan lokaci. Inda hoto ke tsalle-tsalle, mai wasa yakan mutu bai san laifinsa ba, kuma ba abin da ke kashe sha'awa kamar haka.

Jeff Minter ya bi wata hanya a Llamatron na 1991. Wasan da ya kwaikwaya, Robotron, sanda biyu gare shi, ɗaya ta tafiya ɗaya ta harbi. Sai ya sa harbi ya riƙa fita da kansa, maɓallin kuma ya zama na kulle fuskar da ake harbawa, ta yadda mutum zai ja da baya yana harbin gaba. Irin dabarar nan ta harbi da kansa tana cikin wasannin wayar salula da matasa ke yi a Dogon Dutsi da Tibiri, inda yatsa ɗaya ke jan jirgi a kan gilashi.

Masu ƙera sanda su ma sun sa hannu. QuickShot II ta zo da makunnin harbi babu tsayawa, wanda ya hutar da babban yatsa. Sai dai a R-Type ba shi da amfani sosai, domin babban harbin wasan sai an danne maɓalli an riƙe kafin ya taru.