Ido, Harafi da Wayar Manomi

A shekarar 2012 Ma'aikatar Noma ta Tarayya, ƙarƙashin Dokta Akinwumi Adesina, ta fara raba taki mai rangwame ta hanyar saƙon waya. A wancan lokacin, manomin da ya yi rajista yakan sami saƙon tes da zai nuna a cibiyar rabo, ya karɓi buhu biyu a kan rabin farashi. Tun daga wannan lokaci manoman masara, dawa da auduga na Funtuwa, Bakori, Ƙafur da Malumfashi suka ƙara sabawa da karɓar bayanin kuɗi, farashi da shawarar noma a kan fuskar waya. Sai dai saƙo ba ya amfani sai ido ya karanta shi daidai. A nan ne fasahar tsara haruffa take shigowa, wato zaɓen siffar harafi, girmansa, kaurinsa, tazararsa da launinsa.

Yadda ido yake karatu

Haske yana shiga ido, ya ratsa wani ɗan madubi mai laushi, ya sauka a kan tantanin da ke bayan ido. A tsakiyar tantanin akwai ɗan gurbi, kuma shi kaɗai ne ke gani tangaran. Abin da yake ɗauka a lokaci guda bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba idan an miƙe hannu. Saboda haka ido ba ya zarcewa a kan layi kamar ruwa a kwata. Tsalle yake yi kamar fara: ya tsaya kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa, ya tsallake haruffa bakwai zuwa tara, ya sake tsayawa. Likitan ido ɗan Faransa, Emile Javal, ya bayyana wannan a ƙarshen shekarun 1870. Idan haruffa sun cunkushe ko sun yi kama da juna, dole ido ya riƙa komawa baya, sai gajiya ta zo, kuskure ya biyo ta.

Shekaru ma suna da nasu tasirin. Yaro na iya karanta rubutun da ke santimita 10 daga idonsa, amma daga shekara arba'in madubin nan yakan fara taurarewa, har ɗan shekara sittin ya buƙaci nisan kusan mita guda in ba shi da tabarau. Wannan ne dalilin da magidanci yakan miƙe hannu da waya, ko ya kira ɗansa ya karanta masa. Ga kuma hasken rana a gona, wanda ke dusashe fuskar waya. Ƙa'idar da ƙungiyar W3C ta fitar a 2008 ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da shimfiɗarsa ya kai 4.5 bisa 1. Rubutu mai ruwan toka a kan fari na iya yin kyau a ofis, amma da tsakar rana a kasuwar Funtuwa ɓacewa yake yi.

Ɗigo ɗaya, asarar damina

Tun da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Nijeriya a 2016, manoma da yawa suka ƙara dogara ga feshin magani. A ɗauka manhaja ta umarci manomi ya zuba mililita 1.5 a kowace lita ta ruwa. Idan ɗigon ya yi ƙanƙanta har bai ganu ba, zai karanta 15, ya ninka maganin sau goma. Ganye zai ƙone, mai feshi zai shaƙi guba, kuɗi kuma ya tafi a banza. Haka nan a wasu salon haruffa, lamba 1, ƙaramin l da babban I kusan abu ɗaya ne, sifiri kuma ba ya bambanta da harafin O. Mai tura kuɗin taki ta waya ya san abin da kuskuren lamba guda ke jawowa. Don haka masu tsara manhaja nagari sukan zaɓi salon da ya raba waɗannan sarai, su ƙara wa lambobi girma da kauri.

Haruffa masu lanƙwasa

Hausa tana da tata matsalar ta daban. A shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East yake jagorantar Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da ɓ, ɗ da ƙ a rubutun boko. Lanƙwasar ba ado ba ce. Ita ce ke raba kara da ƙara, kasa da ƙasa, bari da ɓari. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowanne lambarsa, amma ba kowane salon haruffa ne aka zana su a cikinsa ba. Idan waya ta rasa harafi, sai ta nuna ɗan akwati mai kusurwa huɗu, wanda masu sana'ar suke kira "tofu", wato awara, saboda kamarsu. Domin kawar da wannan awarar ne Google da Monotype suka samar da salon Noto, wanda a 2016 suka ce ya ƙunshi harsuna fiye da 800.

Saƙon tes kuwa yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ guda ɗaya, sai ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal. Mai aika saƙo ga dubban manoma zai biya ninki biyu ko uku, shi ya sa galibi ake zubar da lanƙwasa. Wanda ya goge da karatu zai gane ma'ana daga jimla, amma wanda ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci yakan tsaya yana laluben abin da ake nufi.

Gwaji a aji

Malami na iya tabbatar wa ɗalibai da wannan ba tare da kayan ɗakin gwaji ba. A rubuta jimla guda mai lambobi a waya, da girman harafi iri uku. A bai wa ɗalibi, malami da dattijo su karanta a inuwa, sannan a rana. A auna nisan da kowa ya riƙe wayar da awon tela, a ƙirga kurakurai, a kwatanta. Ɗalibin da ya yi wannan gwaji zai iya komawa gida ya buɗe saitin wayar mahaifinsa ya ƙara masa girman rubutu. Idan kuma wata rana shi ne ya zauna tsara manhajar manoma, zai tuna cewa mai karanta ta yana tsaye ne a kan kunya, rana na dukansa, kuma idonsa ya haura shekara hamsin.