Riƙon ƙwarya: Yadda ake koya wa kare mai tsoro zama da mutane

A tsakiyar shekarar 2022 ne aka fara kwashe karnuka kusan 4,000 daga wata cibiyar kiwo da ke Cumberland a jihar Virginia ta Amurka. Dukkansu nau'in Beagle ne, ƙananan karnuka masu faɗin kunne, kuma kamfanin Envigo ya kiwata su ne domin sayar wa ɗakunan gwaje-gwaje.

Tun kafin lokacin, jami'an gwamnati masu sa ido sun gano cewa 'yan kwikwiyo sama da 300 sun mutu a wurin cikin wata bakwai, ba tare da an bi diddigin abin da ya kashe su ba. Ma'aikatar shari'a ta shigar da ƙara, kuma a shekarar 2024 kamfanin ya amsa laifinsa, aka ci shi tarar da ta haura dala miliyan 35.

Sai dai fitar da su daga keji shi ne ɓangare mai sauƙi. Karnukan ba su da suna, sai alamar da aka zana musu a cikin kunne. Da yawansu ba su taɓa taka ciyawa ba, ba su san matakalar bene ba, ba a taɓa ɗaura musu igiya an fita da su yawo ba. Ƙungiyar Humane Society ta Amurka ta rarraba su ga cibiyoyin ceton dabbobi sama da 100, su kuma suka miƙa da dama ga mutanen da suka yarda su riƙe su a gidajensu na ɗan lokaci.

Wannan shi ne riƙon ƙwarya. Mutum ya karɓi kare na makonni ko watanni, ya saba masa da zaman gida, sannan ya miƙa shi ga wanda zai riƙe shi dindindin. Idan riƙon ya yi kyau, karen ya samu gida. Idan bai yi ba, a dawo da shi cibiya, kuma wanda ya ciji mutum sau da yawa kashe shi ake yi.

Daga ina tsoron yake?

Masu bincike biyu, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekaru suna nazarin 'yan kwikwiyo a jihar Maine, suka wallafa sakamakon a 1965. Sun nuna cewa daga mako uku zuwa wajen mako 12 da haihuwa ne kwikwiyo ke koyon abin da ba zai cutar da shi ba. Muryar mutum, hannun yaro, ƙarar mota, duk abin da ya saba da shi a wannan tsakani yakan ɗauke shi ba komai ba. Abin da bai gani ba kuwa, daga baya yakan zame masa abin tsoro.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karen da ya wuce wannan lokaci a keji yana iya koyo, amma a hankali, kuma sai an fara kwantar masa da hankali. Karen da ke rawar jiki ba ya ko karɓar nama, balle ya fahimci umarni.

Kwanakin farko

Cibiyoyin ceto na da wani ƙiyasi da suke ba masu riƙo: kwana uku kafin karen ya huce daga firgicin sauya wuri, mako uku kafin ya gane tsarin gidan, wata uku kafin ya saki jiki. Mai tsoro sosai kan wuce haka.

A kwanakin farko, aikin mai riƙo shi ne ya ƙyale shi. A ware masa lungu mai shiru da shimfiɗa da ruwa. A ba shi abinci a lokaci ɗaya kullum. Ba a jawo shi daga inda ya ɓuya, ba a ƙura masa ido, ba a ranƙwafa a kansa, ba a kira maƙwabta su zo kallo. Mai riƙon yakan zauna a ƙasa nesa kaɗan, ya ba shi gefe, ya jefa masa ɗan tsokar kaza, sannan ya ci gaba da harkarsa. Ranar da karen ya tako da kansa ya sansana hannu, an ci rabin tafiya.

A kulle ƙofa da kyau. Kare mai tsoro idan ya samu kafa a makon farko gudu yake yi, kuma ba ya dawowa don an kira shi.

Koyon ladabi

Ladabin da ake nema bai da yawa: ya yi bahaya a waje, ya amsa sunansa, ya zauna in an ce ya zauna, ya yi tafiya da igiya ba ja-in-ja, kada ya daka wa baƙo tsalle.

Hanyar ita ce lada. Don koya masa zama, a riƙe ɗan abinci daidai hancinsa, a ɗaga shi sama zuwa baya. Yana bin abincin da kai, ƙugunsa zai taɓa ƙasa, nan take a ba shi. Idan aka yi jinkiri, ba zai gane abin da aka saka masa a kai ba. Minti biyar sau biyu ko uku a rana ya fi awa guda a jere.

Batun bahaya kuwa, a fitar da shi da ya farka, da kuma bayan ya ci abinci, a saka masa da zarar ya yi a waje. In ya ɓata ɗaki, a wanke a yi shiru. Dukansa bayan ya gama ba abin da zai koya masa sai ɓoyewa.

A 2021, ƙungiyar likitocin dabbobi masu nazarin ɗabi'a ta Amurka ta fitar da matsayarta cewa da lada ya kamata a horar da kowane kare, domin duka da tsawa da shaƙe wuya na ƙara tsoro da faɗa.

Kada a hana shi gurnani

Kafin kare ya yi cizo yakan yi gargaɗi. Zai riƙa lasar baki, ya yi hamma ba barci yake ji ba, ya kawar da kai, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya sandare, sannan ya yi gurnani. Wanda ya dake shi don ya yi gurnani, gargaɗin ya kashe, tsoron na nan. Gaba sai dai a ji ihun yaro. Abin yi shi ne a ja baya, a duba me ya tsorata shi, kuma kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da karen da ba a gama sani ba.

Wannan darasi ya shafi masu ajiye kare don gadi ko farauta a garuruwanmu. Wasu na ganin ɗaure kwikwiyo da sarƙa da duka shi ke sa ya yi zafi. Abin da hakan ke haifarwa shi ne kare mai firgici da bai bambance ɓarawo da ɗan maƙwabci ba. Ga kuma ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Duk wanda ya tsinci kwikwiyo a titi ya fara kai shi wurin likitan dabbobi domin rigakafi. Wanda aka ciza kuma ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti.

Karnukan Virginia sun watsu a gidaje a faɗin Amurka, har Yarima Harry da matarsa Meghan suka ɗauki ɗaya. Su kuwa masu riƙon, ranar da karen da ya shafe kwanaki a ƙarƙashin gado ya fara taryar su a bakin ƙofa yana kaɗa wutsiya, ranar suke fara shirin rabuwa da shi, don a samu wurin saukar da na gaba.