Auna Maganin Kemo a Cikin Ƙari: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

Maganganu biyu masu karo da juna ne ke yawo a tsakanin masu jinyar ciwon daji. Wasu na cewa likitoci lalube suke yi a cikin duhu, ba su san yawan maganin kemo da ke jikin majinyaci ba. Wasu kuma na cewa an ƙera na'urar da za a ɗora wa mutum ta nuna nan take yawan maganin da ya shiga ƙarin. Kowace magana na da ƙwayar gaskiya, amma dukkansu an yi musu ƙarin gishiri.

Zancen lalube ba haka yake ba. Tun ƙarshen shekarun 1950 ake lissafa adadin yawancin magungunan kemo da tsawon mutum da nauyinsa, shi kuwa maganin kaboplatin akan lissafa shi ne da ƙarfin ƙodarsa. Akwai ma waɗanda ake aunawa a jini. Idan an ba da metotereksat mai yawa, akan ɗebi jini bayan awa 24 da 48 da 72, a ga ko ƙoda na fitar da shi, a kuma san yawan lukoborin da za a bayar don kare lafiyayyun ƙwayoyin jiki. Haka ake auna busulfan kafin dashen ɓargo. Wani bincike da aka yi a Faransa, aka wallafa a 2008, ya nuna cewa daidaita fuloroyurasil da awon jini ya sa ƙarin hanji ya fi ja da baya, illar maganin kuma ta ragu. Gaskiyar da ke cikin jita-jitar ita ce, mutum biyu masu girma ɗaya za su iya karɓar adadi ɗaya amma abin da ke jininsu ya sha bamban, domin hanta da ƙoda ba sa aiki iri ɗaya, kuma yawancin magungunan ba a bin su da irin wannan awo.

Sai dai abin da ke jini daban, abin da ya isa ƙari daban. Jijiyoyin jinin ƙari a murɗe suke, matsin ruwan da ke cikinsa kuma yakan hana magani kutsawa tsakiya. Ƙwaƙwalwa ma tana da shingen da ke tare magunguna da yawa. Shi ya sa masana ke neman awo a cikin tsokar ƙarin kanta. Akan soka siririn bututu a ƙari ya riƙa tsotso ruwan wurin, ko a yi wa magani alamar da na'urar hoto za ta iya bi. A 2017 masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke Santa Barbara sun auna dokzorubisin a jinin ɓeraye masu rai, daƙiƙoƙi kaɗan tsakanin awo da awo. Duk wannan gaskiya ne, amma aikin bincike ne, bai zama aikin yau da kullum a asibiti ba. Na'urar da ake ba mutum ya riƙe a hannu a ce ta karanta maganin da ke jikinsa kuwa yaudara ce tsantsa.

Mai tambaya zai ce, tunda hanyar ta samu, me ya hana a yi wa kowa? Soka bututu na da haɗarin zubar jini da shigar cuta, kuma wuri ɗaya kawai yake karantawa, alhali ƙari ba ya shan magani bai ɗaya. Lamba kuma ba ta da amfani sai an san adadin da ake so a kai. Ko maganin ya isa, wasu ƙwayoyin dajin kan bijire masa. Saboda haka likita ke duba hoton ƙarin da gwajin jini kafin ya ce magani na aiki. Zubewar gashi ko amai ba ma'auni ba ne.

Majinyaci ya tambayi likitansa yadda aka lissafa masa adadin, ya faɗa masa duk wani maganin gargajiya da yake sha, kada kuma ya tsallake ranar ƙarin ruwa saboda jita-jita.