An ba ɗanmu Lissafi a jami'a: murna za a yi ko jaje?

 

Bayan sallar la'asar wani dattijo daga cikin maƙwabtan masallacinmu ya tsare mu a bakin ƙofa, fuskarsa a murtuke. Ɗansa ya nemi Likitanci, makinsa bai kai ba, jami'ar ta tura shi sashen Lissafi. "Malam," in ji shi, "a taya mu da addu'a Allah ya musanya. Me mutum zai yi da Lissafi in ba ya ƙare da alli a hannu ba?" Ya riga ya yanke cewa yaron zai zauna gida shekara guda ya sake rubuta JAMB. Wannan ba shi ne karo na farko da muka ji irin wannan koke ba, kuma duk lokacin da jami'o'i suka fitar da sunaye sai mun sake jinsa. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna batun a wannan fili, domin hukunci ne da ake yankewa a kan shekaru huɗu na rayuwar yaro, sau da yawa ba tare da an san abin da ake ƙi ba.

Abu na farko da ya kamata uba da ɗa su sani shi ne, Lissafin jami'a ba ci gaban na sakandare ba ne kai tsaye. A sakandare ana ba ɗalibi ƙa'ida, ya zuba lambobi, ya fitar da amsa, malami ya sa masa maki. A shekarar farko ta jami'a abin yana kama da haka, domin ana yin kalkulas da aljabara tare da Fiziks da sauran darussan da dukkan ɗaliban kimiyya ke haɗuwa a kansu. Daga aji biyu zuwa uku ne yanayin ke sauyawa. Lambobi su ragu a kan allo, jimloli su yawaita, tambayar jarrabawa ta koma "kawo hujja cewa abu kaza gaskiya ne". A nan ne yara da yawa da suka saba zuwa na ɗaya a ajinsu suke ruɗewa, har wani ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta toshe, alhali wani sabon aiki ne aka ɗora masa wanda ba a taɓa koya masa ba.

Bari mu kawo misali guda don a gane irin aikin. Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da 1 da kuma kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Shin suna da ƙarshe? Ba wanda zai iya ƙirga su har ya gani da idonsa. Amma fiye da shekara dubu biyu da suka wuce Iƙlidis ya warware matsalar da 'yan layuka. A ƙaddara cewa suna da iyaka, an kuma jera su duka. A ninka su gaba ɗaya, a ƙara 1. Sabuwar lambar da ta fito, duk wadda aka raba ta da ita daga cikin jerin sai 1 ya yi saura. Ke nan ko dai ita kanta irin waɗancan lambobi ce, ko kuma akwai wata irinsu da ke raba ta wadda ba ta cikin jerin. Ta kowace fuska jerin bai cika ba, don haka da'awar iyaka ta rushe. Ɗalibi mai gaggawa zai ce sabuwar lambar kullum ba ta rabuwa, sai malami ya nuna masa cewa 2 sau 3 sau 5 sau 7 sau 11 sau 13, a ƙara 1, yana ba da 30031, wanda shi ne 59 sau 509. Kalma ɗaya da aka faɗa fiye da abin da hujja ta bayar ta isa ta zubar da makin tambaya.

Wanda ya zauna gaban malamai ya karanci Usulul Fiƙhi ko Manɗiƙ ba zai ji wannan salon baƙo ba. Rushe da'awa ta hanyar nuna cewa tana kai wa ga abin da ba zai yiwu ba, rarrabe sharaɗi da sababi, hana kai wuce iyakar dalili, duk tarbiyya ce da muka sani. Mu da muka yi karatun Shari'a, ranar da wani ɗalibi ya nuna mana littafinsa na analisis, abin da ya fara zuwa mana a rai shi ne matanin da ake haddacewa sannan a bi shi da sharhi: ma'ana, sai ƙa'ida, sai dalili.

Game da matsayin wannan ilimi kuwa, magabata sun riga mu magana. Imam Gazali, a littafin ilimi na Ihya'u Ulumid Din, ya sanya hisabi tare da likitanci cikin farillan kifaya, saboda buƙatarsa a ma'amaloli da rabon wasiyya da gado. A lura, su biyun da dattijon nan yake fifita ɗaya ya raina ɗaya, a layi guda aka ajiye su. A Al-Munƙiz minad Dalal kuma ya yi gargaɗi ta fuska biyu. Akwai wanda ƙarfin hujjojin lissafi zai ruɗe shi har ya bi masana falsafa ido rufe a abin da ba lissafi ba. Akwai kuma jahilin masoyin addini da zai ƙaryata abin da lissafi ya tabbatar, kamar husufin rana da wata, yana zaton taimakon Musulunci yake yi, alhali yana sa masu ilimi su yi wa addinin mummunan zato. Gargaɗi na biyun nan mun fi buƙatarsa a yau fiye da yadda muke son amincewa.

Kalmar aljabara ma daga sunan littafin Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820 Miladiyya, zamanin Halifa Ma'amun, kuma babban kaso na littafin a kan matsalolin wasiyya da gado yake. Daga sunansa ne Turawa suka samo kalmar algoridim da masu kwamfuta ke ambata kullum. A ƙasarmu ma akwai Muhammad bin Muhammad Al-Fullani Al-Kashinawi, Bakatsine, wanda ya rubuta littafi a kan murabba'an lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Gaskiya ne fannin da ya yi rubutu a kai ya cuɗanya da harkar hatimi, wadda muke da magana a kanta, amma hanyoyin da ya bi wajen jera lambobin lissafi ne tsantsa, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. A zamaninmu kuwa, Farfesa Iya Abubakar, ɗan Adamawa, Lissafi ya karanta a Ibadan, ya yi digirin digirgir a Kambirij, ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1975 zuwa 1978.

Inda abin ya fi shafar mu a masallaci shi ne gado. Ɗauki matsalar da aka sani da Minbariyya: mutum ya rasu ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Matar na da sumuni, 'ya'yan na da sulusi biyu, uwa da uba kowa na da sudusi. Asalin matsalar 24 ne: mata 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4. Jimla 27, ta zarce asali, sai a yi auli, a raba dukiyar kashi 27, rabon matar ya koma ɗaya bisa tara. Wannan mai sauƙi ce. Amma idan magaji ya rasu kafin a raba, nasa magadan suka shigo, sannan wani ya sake rasuwa, ga gonaki da gida da bashi da wasiyya, sai ka ga an shekara goma ana ɗage zama, zumunci yana lalacewa. Mun sha zama a irin wannan rabo inda hukuncin fiƙihu a bayyane yake ga kowa, abin da ya gagara shi ne tara ɓangarori da ninka su ba tare da kuskure ba.

Sai dai kada mu yaudari kowa. Takardar digirin Lissafi ba ta zuwa da ofis a manne da ita kamar ta Likitanci ko Lauya. Wanda ya gama bai koyi komai ba sai abin da zai ci jarrabawa, zai iya shan wahalar neman aiki. Wanda kuwa tun daga aji biyu ya haɗa da ƙididdiga da rubuta manhajar kwamfuta, ya koyi harshe irin Python, ƙofofinsa suna da yawa: nazarin bayanai, tsaron intanet, lissafin haɗari a kamfanonin takaful, da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, waɗanda suka fara da Jaiz a 2012. Mai son zurfafa karatu yana da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a yankin Abuja, da cibiyar AIMS da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, mai rassa a Ghana da Kamaru da Senegal da Ruwanda. Allin da dattijon ya raina kuwa, shi ne abin da ɗansa ya rasa. Kiredit a Lissafi sharaɗi ne na shiga Likitanci da Injiniya, kuma duk mun san makarantun da malamin wani darasi ne ake roƙo ya riƙe Lissafi saboda babu mai shi.

Ba kuma kowane yaro ne ya dace da shi ba. Wanda aka jefa shi sashen alhali tun firamare yake gudun lambobi, ya shiga da niyyar sauya sashe bayan shekara, ya yi ta zaman jiran canjin da ba lallai ya samu ba, zai fita da sakamako mai rauni da zuciya mai ɗaci. Alamar da muke ba iyaye shawarar dubawa ita ce haƙuri: shin yaron yana iya zama da tambaya guda awa biyu, ya kasa, ya kwana, ya dawo mata da safe? Saurin ba da amsa ba shi ne ma'auni ba. Wannan kuma ya shafi 'ya'ya mata kamar yadda ya shafi maza. Maryam Mirzakhani, 'yar Iran, ita ce mace ta farko da ta karɓi lambar Fields a 2014, lambar da ake ɗauka mafi daraja a fannin.

Mun ce wa dattijon ya turo mana yaron. Da ya zo bayan magariba, muka ba shi wata matsalar gado mai mutuwa biyu a jere, muka bayyana masa rabon kowa, muka bar masa lissafin. Ya yi kuskure a mataki na biyu, ya gano da kansa saboda jimlar ba ta koma daidai da dukiyar ba, ya sake daga farko. Da muka tambaye shi wa ya zaɓi Likitanci a fom, sai ya sunkuyar da kai ya ce Baba ne. Washegari muka je gidan. Uban bai ce ya yarda ba, amma ya tambayi ranar da za a rufe rajista da kuma nawa ne kuɗin.