Wa Ke Biyan Kuɗin Kwaltar Layin Unguwa a Amurka?

Duk lokacin da damina ta mai da layukan unguwanni taɓo, akan ji masu cewa a ƙasashen da suka ci gaba gwamnati ce ke shimfiɗa kwalta har ƙofar gidan kowa ba tare da mai gida ya ba da ko sisi ba. Wannan magana ba ta dace da abin da ke faruwa a garuruwa da yawa na Amurka ba, domin a can majalisar gari takan raba kuɗin aikin layi, ko wani kaso nasa, a kan masu gidajen da ke bakin layin. Kuɗin da ake karɓa ta wannan hanya ya bambanta da harajin gida na shekara-shekara, kuma ana iya kiransa kuɗin cin gajiya, tun da hujjarsa ita ce wanda kwalta ta ƙara wa gidansa daraja ya fi sauran jama'ar gari amfana da ita.

Tsohuwar hanyar rabon ita ce auna fuskar fili, wato tsawon gefen da ya kalli layi, a ƙayyade abin da kowace ƙafa za ta biya. Lissafin yana da sauƙi, amma mai gidan da ke kan kusurwa, wanda layi biyu suka kewaye, shi ne ya fi kowa kuka da shi, shi ya sa wasu garuruwan suka koma raba kuɗin daidai wa daida a kan kowane gida.

Abin da ya fi wuyar fahimta, har ga wasu ma'aikatan majalisun, shi ne cewa abin da aiki ya ci daban yake da abin da mai gida ya samu. Wanda ya sa wa gidan ƙasa ƙofar ƙarfe mai tsada ba lalle ne dillali ya ƙara masa kuɗin ƙofar ranar sayarwa ba, haka nan ɗinki mai tsada a kan yadi marar kyau ba ya mai da riga ta zama ta sarauta. A watanda ma ba a karɓar kuɗin kashi biyu a hannun wanda aka ba kashi ɗaya don kawai sa ya yi tsada. Kotun Ƙolin Amurka ta kama wannan ma'ana a 1898, a shari'ar ƙauyen Norwood na jihar Ohayo, inda hukuma ta karɓi wani yanki na filin wata mata don fitar da layi, ta biya ta diyyar dala 2,000, sa'an nan ta juyo ta aza mata fiye da dala 2,200 a matsayin kuɗin aikin. Kotun ta ce karɓar abin da ya zarce amfanin da fili ya samu nesa ba kusa ba ƙwacen dukiya ne. Sai dai a 1901, a wata shari'a kan kwaltar wani titi a Kansas City, kotun ta amince da awon fuskar fili, don haka hanyar ba ta mutu ba.

Dokar jihar Minesota ta nuna yadda ake bin ƙa'idar a aikace. Dole majalisa ta zauna da masu gidaje sau biyu, na farko kan ko za a yi aikin, na biyu kan abin da aka yanka wa kowa, kuma wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya kai ƙara kotu. Idan masu kashi 35 cikin ɗari na fuskar layin ba su nemi aikin da kansu ba, sai huɗu cikin biyar na 'yan majalisa sun yarda. Ana iya biya kaɗan-kaɗan cikin shekaru tare da kuɗin ruwa, bashin kuwa yana bin gidan ne ko da an sayar da shi, kuma ana iya ɗaga wa mai shekara 65 ƙafa idan biyan zai ƙuntata masa. Akwai kuma wani sashe da bai kamata a kau da ido daga kansa ba: garin da ya aza wa masu gidaje aƙalla kashi 20 cikin ɗari na kuɗin aiki yana iya cin bashin aikin ba tare da ƙuri'ar jama'a ba, wanda hakan ke sa a yi zargin cewa wani lokaci sauƙin samun bashi ne ke jan majalisa zuwa wannan tsari fiye da neman adalci.

Ba ko'ina aka ci gaba da wannan tsari ba. A Jamus, jihar Bavariya ta soke karɓar irin wannan kuɗi na gyaran tsofaffin tituna a 2018, bayan birnin Balin ya yi haka a 2012. Mazauna layukan garuruwan Hausa da ke yin karo-karo don gina kwalbati ko magudanar ruwa suna biyan kwatankwacinsa, amma ba tare da zaman jin bahasi ko damar kai ƙara kotu ba.