Ko Kun Sani? Ruwan Lagireto Na Iya Ƙarewa Ba Tare da Ya Ɗiga Ƙasa Ba

A-kori-kura irin su Hilux kan shanye ruwan lagireto, a leƙa ƙarƙashinta a tarar da ƙasa a bushe. Sau da yawa gasket ɗin da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa ne ya ƙone. Ruwan sai ya zurara cikin silinda, ya fita ta salansa a matsayin farin hayaƙi mai kauri. In kuwa cikin baƙin mai ya bi, man yakan koma launin shayi da madara.

Gogaggen bakanike ba ya gaggawar kwance inji. Yakan ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, injin na sanyi, ya hura iska zuwa kusan bar 1, ya zuba wa allurar ma'aunin famfon ido. Idan ta sauka, akwai ɓaraka.

Shi ma murfin lagireto abin zargi ne, ga shi da araha. Matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa sai wajen digiri 120. Kada a kuskura a buɗe shi injin na da zafi.